Ƙafar Da Nake Taka Keke Da Ita

Ni tela ce, kuma duk abin da na ci a Dutse ƙafata ta dama ce ta nemo min shi, don keken ɗinkina na takawa ne. Ita ce kuwa ta karye. Da damina ne, na fito da bokitin wanki, santsin bakin rariya ya kwashe ni. Ko da na duba, tafin ƙafar ya juya yana kallon gefe. A asibiti aka ce ƙashi biyu sun karye a idon sawu, gaɓar kuma ta goce. Aka yi min aiki, aka sa ƙarfe da kusoshi, aka ɗinke.

A gaban maigidana likita ya ja min kunne: kada in taka sai ya ce, kada kowa ya sa wa ciwon hannu. Ya ce in na kiyaye zan koma kan kekena. Na riƙe maganar nan gam.

Sai Inna, mahaifiyata, ta ce a kai ni ƙauyenmu na wajen Miga ta yi jinyata. Wa ya ƙi gatan uwa? Kwana goma ina shan kunun gyaɗa da farfesun kaza, ƙafa a kan matashi. Abu ɗaya ne ya tsaya wa Inna a rai. Kullum sai ta kalli ƙafar ta ce, "Mutum da ransa a ce da ƙarfe a jikinsa kamar garma? Ai sanyi zai yi ta cin ki."

Wata rana da hantsi Yaya, babban wanmu, ya shigo da wani dattijo, ya ce addu'a ya zo yi min. Har da sunkuyar da kai na gaishe shi. Ashe mai ɗori ne. Ban ankara ba Yaya ya danne min kafaɗu, Inna ta riƙe gwiwa, dattijon ya warware bandejin. Ya yi tofi, ya shafa man shanu a kan ɗinkin da bai gama kamewa ba, ya ja ƙafar ya murɗa, wai yana mayar da ita mazauninta. Na ji wani abu ya ce ƙas a ciki. Na yi ihu har muryata ta dushe.

"Yi haƙuri 'yar nan, gata ake yi miki," in ji Inna. Hawaye take yi ita ma, amma ba ta sake ni ba. Dattijon ya jera karan dawa ya ɗaure tamau.

Kwana huɗu ƙafar ta yi suntum, ta fara wari, zazzaɓi ya rufe ni, sannan aka mayar da ni Dutse. Likita ya kwance karan ya duba ƙafar. Kusoshi biyu sun tashi, ciwo ya shiga ƙashi. Aka cire ƙarfen, aka yi ta wankin ciwo wata da watanni, a ƙarshe aka haɗe gaɓar ta zama sanda. Ina tafiya da ɗingishi, amma ba ta lanƙwasuwa, keke kuwa da lanƙwasa ake taka shi. Na gwada da hagu, kafin in gama riga ɗaya ƙugu ya riƙe. Masu kawo min ɗinkin salla suka kama gabansu.

Inna ban iya riƙe ta a raina ba, abin da ta taso ta gani ta yi. Yaya ne na tsare da ya zo dubiya.

"Yaya, don Allah me ya sa ka ce min addu'a ce?"

"To ke da kin yarda? Kuma ai sai da muka tambayi mijinki. A mashin ɗinsa ma aka ɗauko dattijon."

Wannan ta fi min murɗar ƙafar ciwo. Na jira maigidana ya dawo daga sallar la'asar, na tambaye shi ko gaskiya ne. Ya ce gaskiya ne.

"Inna ce ta kira ni da kanta. Ta yaya zan dubi surukata in ce mata a'a?"

"Malam, ko a waya ba za ka faɗa min ba, in san abin da ke jira na?"

"Ta ce kada in faɗa miki."

Shekararmu goma sha huɗu da aure, bai taɓa yi wa Inna musu ba. A da har alfahari nake yi da hakan a cikin mata.