Salama Yusufu, daga Sharaɗa zuwa Borno

Shekara uku muka yi da Salama Yusufu muna tsaye kusa da juna a wani kamfanin biskit da ke Sharaɗa. Ni ina jera fakiti a kwali, ita tana manne bakin kwalin da salatif. Sunana Zulaihat, 'yar Sharaɗa ce ni gaba da baya, don kakana ya noma dawa a filin da aka gina kamfanin. Ita kuwa iyayenta mutanen Kagoro ne, amma a Panshekara aka haife ta. Mahaifinta, Baba Yusufu, ya haura shekara ashirin yana kula da tukunyar tururi a wani kamfanin jima a Challawa.

Salama ba mai yawan magana ba ce. Ƙarar inji ma ba ta barin a yi hira, sai lokacin hutun rana mu zauna a gindin darbejiyar bakin get mu haɗa abincinmu. Ita ta koya mini shan faten acca, ni kuma na ɗora ta a kan gurasa. In na tafi sallar azahar takan haɗa aikina da nata, ban taɓa roƙonta ba.

Wata Talata injin murza ƙullu ya kama hannun Malam Bala, wani dattijo mai 'ya'ya shida. Mu duka muka tsaya muna salati da ihu, wasu suka rufe ido. Salama ce ta ruga ta kashe injin. Ta warware ɗankwalinta ta ɗaure masa damtse, ta ɗaga hannun sama ta danne ciwon.

"Baba, ku kalle ni, kada ku kalli hannun," in ji ta. "Ku faɗa mini sunayen 'ya'yanku, daga babban."

Yana lissafa su tana riƙe da shi har aka samo Adaidaita. Ya rasa yatsu biyu, amma likita ya ce ba don ɗaurin nan ba, da jininsa ya ƙare tun a hanya.

Washegari na tambaye ta inda ta koya. Ta ce a ƙungiyar 'yan mata ta cocinsu aka nuna musu, da daɗewa. Sannan ta ce, "Abin da ya ba ni mamaki, Zulai, hannuna bai yi rawa ba."

Sau biyu ta nemi makarantar koyon aikin jinya ba ta samu gurbi ba. Da aka buɗe ɗaukar sojoji, ta ji cewa suna horar da masu kula da marasa lafiya, sai ta cike takarda. Baba Yusufu ya ce sam bai yarda ba. Yayansa soja ne, ya tafi yaƙin Laberiya bai dawo ba, kuma Baba Yusufu ne ya kai wa mahaifiyarsu labarin. Sati biyu bai amsa gaisuwarta ba. Amma ranar da za ta tafi, shi ya tayar da tsohon babur ɗinsa ya goya ta har tashar Unguwa Uku, ya tsaya a rana har motar Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji, ta cika.

Bayan wata shida ta dawo hutu ta yi baƙi ta rame, an aske mata kai tas. Da ta zo bakin get cikin kaki, 'yan layinmu suka kewaye ta suna sara mata da tsokana, ita tana ta ɓoye fuska. Daga nan aka tura ta kwas na aikin jinya, sannan aka kai ta Borno.

Takan kira ni ranar Lahadi da la'asar in an dace da sabis. Na ɗauka labarin harsashi zan riƙa ji. Ashe yawancin aikinta zazzaɓi ne, da harbin kunama, da ƙafafun da takalmi ya cinye. Sai kuma matan da suka gudo daga ƙauyuka, waɗanda naƙuda kan kama a bakin sansani. Ta ce ta karɓi haihuwa har ta daina ƙirgawa, kuma ta koyi ɗan Barbarcin da za ta ce wa mace ta yi nishi.

Sau ɗaya kawai na ji ta tana kuka. An kawo mata wani soja Musulmi da ciwon ciki wanda ta san ba zai tashi ba, kuma babu kowa a kusa sai ita. Ya riƙe mata hannu yana motsa baki, maganar ta ƙi fita. Sai ta sunkuya ta fara faɗa masa kalmar shahada, yana binta har ya cika.

"A bakinki na ji ta, duk lokacin da inji ya firgita ki," in ji ta. "Zulai, na yi daidai kuwa?"

Na ce mata ta yi daidai.

A daminar shekararta ta huɗu a aiki, suna kan hanyar ɗauko waɗanda suka ji rauni, motarsu ta taka nakiya. Ita da direban nan take suka rasu. Shekararta ashirin da shida. A maƙabartar sojoji ta Maiduguri aka binne ta, Baba Yusufu da ƙaninsa ne kaɗai suka je.

Bayan sati biyar wani abokin aikinta, Kofur Sani, ya zo Panshekara da jakarta. Ina gidan a ranar, tare da matan zumuntar cocinsu da suka zo gaisuwa. Ya zauna a bakin tabarma da hularsa a hannu yana bayani a kan jarumtarta, irin bayanin da ka ji ka san an shirya shi tun a mota. Mahaifiyarta, Mama Dorkas, ta saurare shi har ya gama.

"Ɗana," in ji ta, "a ranar ta ci abinci?"

Kofur Sani ya ɗago kai. "Ta ci, Mama. Shayi da burodi muka sha tare. Har ta yi mini faɗa a kan yawan sukari."

Mama ta gyaɗa kai. "To, madalla," ta ce, ta jawo jakar kusa da ita. Ba ta buɗe ba sai da kowa ya watse.

Ni har yanzu ina kamfanin. Duk ƙarshen wata nakan hau mota in je Panshekara in gaishe su. Idon Mama ya yi rauni, don haka in na tarar tana ɗinki nakan zura mata zare a allura. Wata rana mu yi hirar Salama har yamma, wata rana kuma ko sunanta ba ma ambata.