Fentin Ɗakin Hafsa

Nasiru, ɗazu da rana barci ya sace ni a sabon gidan nan, na yi wani mafarki da ya sa har yanzu na kasa sa komai a bakina. Kai ne kullum kake cika mana baki wai ka zauna gaban kakanka ka koyi fassarar mafarki, to yau ranarka ta zo. Amma don Allah ka karanta kai kaɗai, kada in ji labarin nan a majalisa, don na san halinka.

Bari in fara da abin da ya faru ido biyu, in ba haka ba ba za ka gane inda mafarkin ya dosa ba. Ka san matsalar idona. Duk duniya daga kai sai Yaya Binta kuka san ba na rarrabe wasu kaloli. Ja da kore sukan rikice min, ruwan hoda da ruwan toka kuwa duk abu ɗaya ne a wurina. Tun muna firamare kake rufa min asiri, Yaya Binta kuma har yau da gemuna ita ke haɗa min hula da shadda. Hafsa ba ta sani ba. Na sha ƙudura niyyar gaya mata idan na je zance, sai ta fito ta ci kwalliya tana murmushi, sai kawai in ji bakina ya ce, "Kai, wannan kalar ta karɓe ki." Ita kuma baiwar Allah ta yi ta jin daɗi.

Da danginta suka zo ganin ɗaki, Gwaggo Ladi ce a gaba, ƙanwar babanta. Ta auna tagogi da gyalenta, ta leƙa bayi, ta murɗa famfo, sannan ta kwance bakin zani ta ciro wani ɗan ƙyalle ta miƙo min.

Ta ce, "Ango, ga yankin labulen da muka saya, kujerun ma kalarsu ke nan. Ruwan toka mai haske yarinyar take so. Ka tabbata bango ya hau da shi, kada ka ba mu kunya ranar jere."

Na durƙusa na karɓa da hannu biyu na ce in sha Allahu, Gwaggo.

Yaya Binta tana Funtua wajen jego, kai kana can Fatakwal, don haka ni kaɗai na shiga kasuwar Sabon Gari. Shagon fentin cike yake da mutane. Mai shagon ko kallon ƙyallen bai yi ba, ya turo min katin kaloli ya ce, "Ga shi nan, ai kana da ido, nuna wanda kake so." Maganar nan ce ta gama da ni. Na koma gefe ina kara ƙyalle a jikin kati, ina gyaɗa kai kamar wanda ya gaji sana'ar, na ɗora yatsa a kan wanda na ga ya yi kama da shi. Ya dube ni ya ce, "Wannan? To lallai amarya ce ta zaɓa." Ya yi dariya, ni ma na taya shi, alhali ban san abin da muke wa dariya ba.

Kuma ka san ni da son a yaba min. Na riga na faɗa wa Hafsa cewa ba wani mai fenti da zai taɓa mata ɗaki, da hannuna zan yi. Na shafe falo, na shafe uwar ɗaka, bayana kamar zai tsinke. Ɗazu ina wanke rola a tsakar gida, Maman Ilham maƙwabciyata ta leƙo ta taga ta ce, "Iye! Lallai ango ana son amarya." Ta wuce tana ƙunshe dariya a mayafi. Nan na fara zargin kalar da na shafa. Na yi sallar azahar, na shimfiɗa tabarma a tsakiyar falon ina kallon bango, warin fenti yana hawa kaina, har barci ya kwashe ni.

To ga mafarkin.

Na gan ni a falon nan, amma ya miƙe ya yi tsawo kamar layin 'yan atamfa a kasuwa, ba a hango ƙarshensa. Ina ta shafa fenti. Duk inda na shafa, in na waiga sai in ga bulo tsirara kamar ban taɓa shi ba. Na leƙa bokitin, ashe kunu ne a ciki, har da tiriri. Ban yi mamaki ba, na ci gaba da tsoma rola ina shafawa.

Sai kawai na ji guɗa daga nesa. Matan jere ne suka shigo a layi, wata da ƙafar gado a ka, wata da madubi, wata da kwanuka jere har suna taɓa silin. Gwaggo Ladi tana gaba, ƙyallen nan ya zama ƙaton zani tana jan sa a ƙasa. Ta ɗaga shi ta kara a jikin bango. Mai guɗar ta tsaya a tsakiyar guɗarta, yatsunta na kan hanci, bakinta a buɗe, ba sauti. Matan suka ja mayafai suka rufe baki. Ba wadda ta yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi min sauƙi.

Na ce, "Gwaggo, lafiya?"

Ta dubi bango, ta dubi zani, ta dube ni.

Na ce, "Gwaggo, wace kala ce?"

Muryata ta fito ƙarama, irin ta yaron da ya yi fitsarin kwance. Matan suka fara juyawa da kayansu ɗaya bayan ɗaya, suna fita ta wata ƙofa da ban san akwai ta a gidan ba. Na bi su ina cewa su dakata zan gyara, ƙafafuna suna manne wa daɓe.

Sai kawai ga mu a ajinmu na firamare, wanda rufinsa ke yoyo. Matan jeren ne zaune a kan ƙananan bencina, gwiwoyinsu sun kusa kai haɓa. Malamin kuwa mai shagon fenti ne, da bulala a hammata. Ya kira ni gaban allo ya buɗe akwatin abin zane ya ce in ɗauko ruwan toka. Na waiga inda kake zama don ka yi min alama da ido yadda ka saba. Kana nan, da gajeren wandonka na makaranta da gemunka na yanzu, amma ka juya baya kana cin gyaɗa. Na kira sunanka ka yi kamar ba ka ji ba. Ko a mafarki ba ka da kirki, Nasiru. Na sa hannu cikin akwatin na ɗauko, na ɗaga sama don kowa ya gani, sai na ga ashe goro ne a hannuna. Malamin ya ce, "Ai kana da ido." Duk ajin suka maimaita da murya ɗaya, irin yadda muke maimaita karatu.

Daga nan ban san yadda aka yi ba, na tsinci kaina a ƙofar masallacin unguwarsu Hafsa, an cika maƙil, ana ɗaurin aure. Ina sanye da farar babbar riga, amma sharkaf take da ɗanyen fenti, yana ɗiga daga hannuwan rigar. Duk wanda ya miƙo hannu mu gaisa, in ya lura sai ya janye ya sa a aljihu. Liman ya yi gyaran murya a lasifika. Maimakon ya tambayi waliyyi ko wakili, sai ya ce, "Ina angon? Ya faɗa wa jama'a kalar ɗakin da zai ajiye 'yar mutane." Aka miƙo min makirfo. Na hango Baba a sahun gaba ya sunkuyar da kai yana jan carbi, bai ɗago ba. Baban Hafsa kuma ya zuba min ido, ba fushi a fuskarsa, jira kawai yake. Na buɗe baki, sunayen kaloli suka gudu daga kaina gaba ɗaya. Ko fari na kasa tunawa. Kunyar da na ji a wurin nan ban taɓa jin irinta ido biyu ba, ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Mai rabon alawa da dabino ya zo daidai inda nake ya tsallake ni.

Sai kawai komai ya yi tsit. Na dawo uwar ɗaka, wannan karon daidai girmanta, ba gado ba labule. Hafsa tana zaune a ƙasa da lulluɓin amare, ta fuskanci bango. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga. Ba ta waiwayo ba, ta dai ɗago hannayenta ta gefe, sun sha lalle har wuyan hannu.

Ta ce, "Yaya Auwal, lallen nan ya kama?"

Na ce, "Ya kama."

Ta ce, "Ja ne ko baƙi?"

Na ƙura wa hannayen ido.

Ta ce, "Atamfar da na sa ranar da ka fara zuwa gidanmu fa? Ka ce ta karɓe ni."

Ba da faɗa ta yi maganar ba, a hankali ta yi ta, irin yadda take min magana idan na zo zance a gajiye. Shi ya fi ci min rai. Na so in ce mata ban yi ƙarya ba, ta yi min kyau ɗin, ko buhu ta ɗaura za ta yi min kyau. Na ji hawaye suna bin gemuna, ni da rabona da kuka tun rasuwar Inna.

Ta miƙe ta je jikin bangon, fentin bai bushe ba. Ta manna tafin hannunta a kai, ta ɗan jima, sannan ta ɗauke. Shatin hannunta ya fito, yatsu biyar. Nasiru, a cikin shatin nan na ga wata kala da ban taɓa gani ba tun da uwata ta haife ni. Ba zan iya kwatanta maka ita ba, don ba ni da abin da zan kwatanta ta da shi. Tana da ɗumi, tana da taushi a ido. Na tsaya ina kallo kamar baƙauye ya shigo birni, ina cewa a raina ashe abin da mutane suke gani ke nan kullum, suna wucewa ko a jikinsu. Sauran bangon yana nan yadda na saba ganinsa, wurin da hannunta ya taɓa ne kaɗai ya canza.

Na ce, "Hafsa, mene ne sunan wannan?"

Ta juyo za ta yaye lulluɓin, bakinta ya fara motsi. Kiran sallar la'asar ya tashe ni.

Na farka a kan tabarma, rigata ta jiƙe da zufa, kaina yana sarawa saboda warin fenti. Abin da na fara yi, kuma kada ka yi min dariya, na tashi na shiga uwar ɗaka ina laluben shatin hannu a bango. Ba komai. Bango dai ga shi nan sumul, irin kalar nan tawa ta kullum da ba ta da suna. Na ɗauko ƙyallen Gwaggo na kara, a idona sun yi daidai kamar tare aka haife su.

Da na duba waya na tarar da saƙon Hafsa. Ta ce gobe da hantsi za su biyo da Gwaggo Ladi su kawo labulaye, ta matsu ta ga aikin hannuna, har ta gama yi wa ƙawayenta alfahari.

Na san abin da za ka ce, in turo maka hoton bangon ka faɗa min a wuce wurin. Na ɗauka, yana nan cikin wayar, na kasa turawa. Muddin ban ji daga bakin wani ba, ɗakin nan ruwan toka ne. Kuma akwai ragowar farin fenti da na yi silin da shi, ya isa in bi bangon duka kafin gari ya waye. In ce mata na canza shawara, fari ya fi haske, ya hau da kowane labule. Za ta ɗan ɓata rai, Gwaggo za ta yi mita, shi ke nan asirina ya rufu. Na buɗe murfin bokitin ɗazu, na tsoma rola, na kuma ajiye.

To malam mai fassara, ga ni gare ka. Kunun da ke cikin bokiti me yake nufi? Me ya sa Baba ya ƙi ɗago kai? Gargaɗi ake yi min in shafe bangon tun ba a gani ba, ko cewa ake in bar shi yadda yake in tsaya a gabansa? Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kalar nan, don na rufe ido ina neman ta har na gaji, ta tafi. Me ya sa sai inda hannunta ya taɓa na gan ta? Kuma gobe idan ta shigo ta tsaya a tsakiyar falon nan, ta dubi bango, ta juyo ta ce, "Yaya Auwal, kai me kake gani a nan?", Nasiru, me zan ce mata?