Kunun da na ƙi damawa a Kwatano

Har na aurar da ƴaƴana duka ban taɓa fita ƙasarmu ba. Ta gabas Gidimuni ce iyakata, ta yamma Maradi, ita ma gaisuwar mutuwa ce ta kai ni. Sai ga wata shekara, kafin a fara rufe iyakoki, ƴaƴana mata uku suka ɗauki ciki kusan a jere, kowace a ƙasarta: babbar a Kano, mai bi mata a Njamena, auta a Kwatano, can bakin teku. A zamaninmu yarinya ce ke dawowa gidan uwarta ta yi wankan jego. Yanzu miji ba ya sakin mata, ga aiki, ga yara a lakkwal, wato makaranta, sai dai uwa ta ɗaure kaya ta bi su.

Manyan biyu ba su hana ni barci ba, sun saba haihuwa. Auta ce a raina. Ciki biyu ta yi kafin wannan, ba ta goya ko ɗaya ba, kuma kowane ya bar ta da jinya. Duk motar da na shiga a shekarar nan, ko ina ta nufa, ita nake lissafa wa watanni.

Da kaina na je kasuwa na zaɓi kanwa, ungurnu mai kyau, na lasa kafin na saya. Na raba ta ƙulli uku. Gero kuwa daga gonar maigidana ta Dogo aka kawo, na surfa, na shanya. Maigidan, Allah ya jiƙansa, yana kan tabarma yana kallona ina ɗaure buhu.

"Hajiya, a Kano babu kanwa ne?"

"Akwai. Ban san hannun da ya taɓa ta ba."

"To in kin zama direban kamiyo, babbar motar kaya, ki riƙa tuna kin bar tsoho a gida."

Shi ya raka ni aka yi mini kartidantite, wato katin ɗan ƙasa, da takardar allurar rigakafi, na dangwala yatsa. Kowace tafiya kuma shi ke kai ni tasha, ya tsaya har motar ta tashi, hannunsa a baya.

A kan iyakar da ke bayan Matamai na fara sanin duwan, masu binciken kaya. Wani dogon Bafillace ne ya kwance mini ƙulli. Ya dubi zanen fuskata, ya gane ƴar Barebari ce, sai ya yi murmushi.

"Baiwata, mene ne wannan kike fita da shi ba ki gaya wa ubangijinki ba?"

"Lasa mana. Ai ku da shanunku ba ku taɓa ƙin ta ba."

Abokan aikinsa suka yi ta dariya. Daga ranar, duk wucewata sai ya miƙe ya ce a ba baiwarsa hanya, ni kuma in tambaye shi ko har yanzu bai koyi cin tuwo da miya ba. Ban san ko yana nan ba yanzu.

A Kano na yi wa babbar wanka yadda uwata ta yi mini. Tun kafin rana ta fito na hura itace, ruwa ya tafasa da ganyen darbejiya, na zaunar da mai jego a kan turmi ina tsoma ganyen ina fyaɗa mata har jikinta ya yi tururi. Tana ihu ina ci gaba. Ta fito ta tarar da kunun kanwa a ƙwarya, da zafinsa. Da yamma a sake. Ranar arba'in ta fito fes, matan unguwa suna cewa hannun Damagaram daban ne. Na kuwa ji su.

Njamena a jirgin sama na je ta, surukina ne ya biya daga Yamai. Ban ji tsoro ba. Abin da ya dame ni shi ne abincin da suka ba mu, wanda ko yaro aka ba zai tambayi ina sauran. A can na tarar da tsofaffin mata masu Barbarci tsantsa. Harshen da na ajiye tun rasuwar kakata ya farka a bakina, muna zaune ana kaɗa shayi, ina magana ina jin muryarta. Can ma na yi wankan, na dama kunun, na dawo.

Tsakanin tafiya da tafiya in na shigo gida, maigida ya ce wa maƙwabta baƙuwa ta sauka, a zo a gaishe ta kafin ta wuce. In duba rumbu, in duba awaki, in ga abin da aka ɓata, in yi faɗa, in sake ɗaure kaya. Kano kaɗai na koma mata ba sau ɗaya ba, jaririn ya yi ciwon ido, daga baya kuma aka yi rasuwa a dangin mijin.

Kwatano sau biyu na je. Na farko da damina, da aka kira ni a salula aka ce auta ba ta da lafiya. Hanya ce mai tsawo, a bi ta Dosso, a ƙetare gada a Gaya, daga nan ƙasa ta yi ta yin kore har ido ya gaji. Garin kansa iskarsa jiƙaƙƙiya ce, zane ya kwana a igiya bai bushe ba. A saman bene suke, babu tsakar gida, babu murhu, sai gaz. Na tsaya a ƙofar kicin ina tunanin inda zan tafasa ruwan wanka a wannan wuri. Ta ɗan samu sauƙi na dawo, na bar ƙullin kanwata a ƙarƙashin gadonta.

Na biyu na isa ana saura kaɗan. Ta haihu a matarnite, asibitin haihuwa, namiji, da ransa, da kukansa. Na karɓe shi na rungume.

Ranar da za a sallame mu, sajfam ɗin, wato ungozomar asibitin, ta kira ni da mijin auta. Ba ta jin Hausa, shi ne tafinta. Yaron kirki ne, bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba, ga shi yau dole ya faɗa wa surukarsa maganar jikin mace. Kansa a ƙasa, yana murza hularsa.

"Inna, ta ce tansiyonta, wato jininta, ya hau sosai, zuciyarta ta gaji. Ta ce ban da gishiri. Ta ce ta san mutanenmu, ban da kanwa ko kaɗan, ban da ruwa mai ƙuna."

"Tambaye ta ƴaƴa nawa ta haifa."

Bai tambaye ta ba. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri."

Na fito raina a ɓace. Na ratso ƙasashe da abin da na iya, wata mai farar riga ta ce in ajiye. Har muka isa gida ban kula kowa ba.

Da hantsi washegari na zauna a bakin gadon auta, na jawo ƙafarta kan cinyata zan shafa mata man kaɗe. Ƙafar ta cika, tana sheƙi. Na danna da babban yatsa, na ɗauke, ramin ya tsaya bai koma ba. Na lura kuma ba ta iya kwanciya sosai, sai ta tara matasai a baya, in ta yi magana mai tsawo sai ta tsaya ta nemi numfashi.

Na taɓa ganin irin wannan ƙafar. Ina budurwa yayata ta haihu a Mirriya, ta kumbura haka. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ta, aka ƙara wuta, aka ƙara kanwa a kunu. Da ƙauna aka yi, kowa na kuka yana yi. Ba ta kai arba'in ba. Shekaru da yawa ban haɗa wannan da wancan ba, sai ranar, da ƙafar ƴata a hannuna.

Na ɗauka da mijin zan yi rigima, ko da sajfam. Ashe da auta ce.

"Inna, yaushe za ki dama min?"

"Na dama. Ga shi nan, na tsamiya."

"Ba shi ba. Ƙullin yana ƙarƙashin gado, na gan shi."

"Ba za ki sha ba."

"Kaɗan, Inna. Ba zai sani ba, yana fita tun safe."

"Ni zan sani."

Ta juya fuska ga bango. Can ta ce, a hankali, "Kin yi wa yayyena. Kin je har Njamena kin yi. Ni da na daɗe ina jiran ranar da za ki yi min, sai ki ce a'a. Sau biyu ina ganin ana yi wa wasu."

Ban iya lallashi ba, ba a koya mini ba. Na ce, "Ki yi kukanki ki gama, ɗanki na jin yunwa." Na ɗauki ƙullin na kai wa wata mai sayar da wake da shinkafa a ƙasan benen, na ce ta yi girki da shi. Na hau na dawo.

Matan zango, Hausawan garin, suka zo barka. Wata dattijuwa ta leƙa banɗaki, ta leƙa kicin, ta ɗanɗana kunun da ke kofi.

"Hajiya, ba a fara wankan ba ne?"

"Ana yi. Da ruwan ɗumi."

"Ruwan ɗumi. Daga Damagaram kika taso don ruwan ɗumi?"

Suka haɗa ido. Na san abin da za a faɗa a zango, na san kuma zai riga ni isa Damagaram, ya kuwa riga ni. Na ce wa dattijuwar ta sha kununta kafin ya huce.

Abin da ya rage mini shi na yi. Ina dafa mata abinci lami, ina tsaye a kanta har ta haɗiye ƙwayoyin farmasi, ina goya yaron ta yi barci. Kwanaki tana amsa mini da kai kawai. Kowace safiya in danna ƙafar. Ramin ya riƙa raguwa, har wata rana na danna ya tashi tare da yatsana. Ta cire matashi ɗaya, daga baya ta cire saura. Wata yamma muka je bakin teku, muka zauna a yashi nesa da ruwan, ta ce da ma Baba ya ga wannan. Na ce da zai tambayi gona nawa za a shayar da shi. Ranar ce ta fara yi mini dariya tun haihuwar.

Yanzu gwiwoyi sun ƙi, iyakata masallacin unguwa da gidajen biki na kusa. Wani lokaci in na ji ƙarar babbar mota ta nufi hanyar Matamai, sai in ji kamar akwai buhun da ban ɗaure ba.

Ranar da zan bar Kwatano mijin ya tafi neman tasi. Kafin in yunƙura, auta ta goya ɗanta, ta ɗora jakata a kai, ta kama matakala. Na ce ta ajiye, mai jego ba ta ɗaukar kaya. Ba ta ji ba. Na biyo ta a baya ina faɗa, kunnena na kan numfashinta. Tun daga sama har ƙasa ba ta tsaya ba, tana ma ba ni saƙon gaisuwar babanta. Da muka isa ƙofa na daina faɗan, na bar ta ta kai jakar har bakin titi.