Barkonon da Yaya Ya Zo da Shi

A bazarar shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama aka mai da ni gidanmu a Garo goyon ciki. A Gwarzo nake aure, cikin kuwa na fari ne. Babanmu ya riga ya rasu, gidan daga Inna sai Yaya, wanda shi ma bai daɗe da sauka ba.

Na tarar da gidan shiru. Yayan da na sani mai surutu ne, tun daga bakin zaure ake jin dariyarsa. Wannan kuwa sai ya wuni a zaune yana kallon ƙasa. Mutane su zo jin labarin ƙasashen da ya gani, ya ce musu lafiya lau suka je, lafiya lau suka dawo, har su gaji su tashi. Ga shi ɗan fari ne a wurin Inna, ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Da na zo sai na zama bakinta. Yana tsaye a tsakar gida za ta ce da ni, "Gaya wa yayanki tuwo na hucewa."

A bayan ɗakin Inna akwai garka, ɗan fili ne kewaye da danga, daga nan miyar gidanmu take fitowa shekara da shekaru. Aikinta a bazara yake, lokacin da zafi ke hana mutum sakat, sararin gabas yana haɗa hadari yana watsewa. Shekarun da Yaya ba ya nan Inna ce ke yi ita kaɗai, iyakar ƙarfinta. Wata safiya ta ce da ni, "Gaya masa dangar garka ta kwanta, awakin maƙwabta sun mai da ita hanya."

Sai ya ɗauki adda. Ya saro ƙaya, ya kafa sababbin dirkoki, ya ɗaure kara da igiyar rama. Da ya gama sai ya shiga tuge busassun itatuwan kuɓewar bara, ya tara su da shara ya cinna wuta, ya baza tokar. Ya kwashe takin turken awaki kwando-kwando ya zuba, ya bi da fartanya yana juya ƙasar. Ni kuma, da yake sunkuyo ya fara yi mini wuya, aka ba ni aikin zaune. Inna ta sauko da ƙahonnin kuɓewa da ta rataye a rufin madafa, hayaƙi ya mai da su baƙaƙe, ta fito da irin gauta da yakuwa da ta ajiye cikin toka a ɗan tulu. Ina ɓarewa ina fitar da na banza a faifai, ina kallon bayan Yaya yana sheƙi da gumi. Na lura in yana aiki fuskarsa tana sakewa.

Ana cikin haka ran nan ya shiga ɗakinsa ya fito da wani ƙullin tsumma, ya tsuguna kusa da ni ya kwance. Busasshen barkono ne, ƙanana, sirara, launinsu ya koɗe.

"Auta," ya ce, "tambayi Inna ko za ta ba ni wuri kaɗan."

Inna tana nan gefe tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce, "Gaya masa wajen makwararar wanke-wanke ya fi laima."

Wurin nan shi ne mafi kyau a garkar, nan take renon gautarta tun ina yarinya. Ba ta tambaya ko irin ina ne ba, ni ma ban tambaya ba.

Ya murje barkonon a tafin hannu, ya yayyafa irin a ƙasar da ya lausasa, ya rufe da busasshiyar ciyawa, ya kafa 'yan sanduna ya ɗora guntun zana don inuwa. Safe da yamma yana ba shi ruwa da tafin hannu, kada irin ya tashi. Irin ya tsufa, ya daɗe bai tsiro ba, har na fara jin tsoro a raina, don na ga yadda yake ɗaga ciyawar nan kullum yana leƙawa. Sai wata safiya ya kira ni. Ba duka suka fito ba, amma ga wasu 'yan tsiraru kore shar, kowane da kunnuwansa biyu.

Ruwan farko ya sauka da yamma, da iska mai ƙarfi, ƙamshin ƙasa ya cika gari. Washegari kowa ya fita shuka. Inna ta shuka kuɓewa da yakuwa, ta sa kabewa a gindin danga. Daga nan kuma sama ta ɗauke. Kuɓewar ta tsiro ta ƙone a tsaye. Rijiyar unguwarmu ta ja baya, guga ba ya fitowa da komai sai taɓo. Yaya ya shiga zuwa rafi, inda ake tona yashi a jira ruwa ya taru, ya ɗauko tulu a kafaɗa. Na sha ne da na girki, amma kullum sai ya rage wa barkonon.

Wata rana da la'asar ina zaune a inuwar zogale, yana ba su ruwa, na ce, "Yaya, wannan wahala duk a kan barkono? Ga shi nan jibge a kasuwar Kabo."

Ya gama ba su ruwan. Sannan ya zauna a ƙasa ya ce, "Ba nawa ba ne."

Ya ba ni labarin wani saurayi ɗan Gude, rana ɗaya suka shiga soja, tare aka kai su har can. A wani ƙauye da mutanensa suka gudu suka bari, saurayin ya ga barkonon nan a bayan wata bukka, ya ɗanɗana, hawaye suka zubo masa, yana dariya yana cewa wannan sai tsohuwarsa, ita da ba ta jin yaji. Ya tsinka ya shanya a kan jakarsa, ya ce zai kai mata ta shuka. Ba harsashi ne ya kashe shi ba, zazzaɓi ne, a cikin daji, ana ruwa ba dare ba rana.

"An aika musu ya rasu," in ji Yaya. "Amma ni ban je ba. In ta tambaye ni yadda muka yi da shi, me zan ce mata? Ba mu sami likkafani ba, Auta. A bargonsa muka sa shi."

Ashe Inna tana bayan danga tana kwashe shanya. Sai muka ji muryarta, kuma ba da ni take ba.

"Ka je ka faɗa mata a bargonsa ne," ta ce. "Uwa ta fi son ta sani. Abin da take ƙissimawa a ranta ya fi wannan muni."

Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta yi masa magana mai tsawon haka ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

Da damina ta zauna sosai, barkonon ya isa dashe. Ya tono rabi da ƙasarsu, ya jera a ƙwarya, ya rufe da ɗanyen ganye. Inna ta yafa mayafinta ta ce in gaya masa ita ma tana da gaisuwa a Gude. Suka tafi da sassafe, shi a gaba da ƙwarya, ita a baya. Ni na yi nauyi, na zauna gida.

Abin da ya faru can daga bakin Inna na ji. Tsohuwar ta saurare shi har ya gama. Ta tambaya ko an yi masa salla, ya ce an yi, shi da kansa ya ja. Ta tambaya ko ya rame ƙwarai. Ya faɗa mata gaskiya. Ta ce Allah ya yi masa albarka, ta nuna masa bayan ɗakinta. Shi ya haƙa ramukan ya dasa. Inna ta ce matar ba ta yi kuka ba sai da ya ce ta miƙo masa ruwa ya zuba.

Na haihu a tsakiyar damina, mace. Kafin in gama zaman jego kuɓewar da Inna ta sake shukawa ta fara 'ya'ya, kabewa ta haye danga ta leƙa gidan maƙwabta. Barkonon ya yi ja daga baya. Inna ta jefa ɗaya tak a miyar yakuwa, duk gidan muka ci muna sharɓe hanci.

Ba zan ce Yaya ya koma yadda yake da ba. Bai koma ba, har ƙarshen rayuwarsa mutum ne mai ƙarancin magana, kuma bai ƙara yi mini zancen can ba. Na daɗe ina tunanin me ya sa ni ya zaɓa ya faɗa wa. Wataƙila don ni ce a zaune a wurin, hannuna da aiki, ba na kallon fuskarsa.

Da kaka ta yi aka shirya mai da ni Gwarzo. Shi ya raka ni, yana jan jakin da aka ɗora wa kayana, ni ina biye da 'yata a baya. Dawa ta sunkuya a gonaki hagu da dama. A hanya ya ce yana so ya nemi ɗan wuri a fadama ya gwada albasa da rani, ya tambaye ni ko mijina ya san mai iri mai kyau. Na ce zan tambaya. Muka yi ta maganar albasa har muka hango gari.