Baba Tanko a Kan Tulin Ƙasar Gwaggo Hanne

Duk wanda ya tashi a Yakasai ya san Baba Tanko magini ba ya wuce katanga bai ƙwanƙwasa ta ba. Daga gidanmu zuwa masallaci tafiyar minti biyar ce, amma shi sai ya ci rabin awa yana buga sanda a jikin gini, yana kara kunne. In ya ji abin da bai yi masa ba, sai ya yi sallama da mai gida ya faɗa masa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Ƙanin kakana ne, saboda haka akwai wasa tsakaninmu, sai dai shi kaɗai yake yin wasan, ni nawa murmushi.

Akwai wani Alhaji a lungunmu da ya shafe katangarsa ta ƙasa da siminti, ya yi mata fenti, ya tsaya yana karɓar barka. Baba ya zo ya buga sau biyu, ya ce, "Alhaji, ka sa wa mai gumi rigar leda." Alhaji ya ce tsufa ne ya kama Baba. Baba bai yi musu ba, kawai ya daina bin lungun. Shekara biyu yana zagaye ta bayan gidaje.

A damina ta uku aka kwana uku ana ruwa. Da hantsin rana ta huɗu gine-gine suka fara zubewa, wannan na jan wancan, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafa, har mata suka fito suna salati suna cewa girgizar ƙasa ce. Katangar Alhaji ce ta fara. Allah ya kiyaye rayuka, amma ɗakuna da yawa sun kwanta.

Nazifi mai gyaran waya ne ya tara mu matasa. Ya taɓa gani a waya yadda samari a wata ƙasa da girgizar ƙasa ta afka wa suka jeru suna miƙa wa juna bokiti, suna kwashe ɓaraguzai zuwa mota. Haka muka yi. Ban taɓa ganin irin wannan rana ba. Teloli, ɗalibai, 'yan ƙwallon da ba sa ga-maciji da juna, duk a layi ɗaya, 'yan mata na aiko da shinkafa da wake a kuloli. Wani ya ba mu aron tifa. Cikin kwana biyu muka share gida uku tas.

Na huɗu shi ne na Gwaggo Hanne mai daddawa, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗaki ɗaya gare ta, ya faɗi. Ɗanta da ke Legas ya ce tunda babu halin ginin bulo, da zarar ruwa ya ɗauke zai zo ya tafi da ita. Matar da ba ta taɓa kwana a wajen ganuwa ba. Tun daga ranar ta daina cin abinci.

Da muka iso da tifa, sai muka tarar da Baba a saman tulin ƙasar, da butarsa da lema.

Nazifi ya ce, "Baba, a sauko mu kwashe."

"Ku kai ina?"

"Kududdufi."

"Ɗakin nata za ku kai kududdufi?"

Nazifi ya hau ya nuna masa wayar. Baba ya daɗe yana kallo, ya yi wa mutanen addu'a, sannan ya miƙa masa. "Allah ya jiƙan waɗanda ke ƙarƙashi. Amma nasu siminti ne, in ya faɗi ya mutu. Wannan suma ya yi."

Direba ya danna oda. Baba ya ce in dai tsohuwar ƙasa ake kwasa, to a fara da shi. Direba ya kashe mota.

Nan Baba ya gaya mana cewa ƙasar da ta shekara sittin a tsaye, ta sha ciyawa da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, babu wadda ta kai ta kama jiki, kuma gidaje ukun da muka share, dukiyar masu su muka zubar. Nazifi ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Washegari muka koma bakin kududdufi da baro muna dawo da abin da bai faɗa ruwa ba, Baba na tsaye yana cewa mun iya kwasa, saura mu koyi mayarwa.

Ya sa muka rufe tulin da tampol, shi kuma ya tare a kansa har ƙarshen damina. Akuya ba ta isa ta hau ba. Wata maƙwabciya ta ɗebi kwano ɗaya za ta gyara murhu, ya bi ta har zaure, ya ce ta je ta gaya wa Hanne wane gefen ɗakinta ta gutsuro. Ta dawo da ita har da ban haƙuri.

Da ruwa ya ɗauke muka fara. Nazifi ya zo da safar hannu da takalmin ruwa, Baba ya tambaye shi wa za a yi wa tiyata. Da ƙafa tsirara muka taka kwaɓi, muka mulmula tubali, muka shanya. Ni kuwa na zo da tef ɗin awo. Baba ya auna harsashi da takunsa, na bi bayansa a hankali na auna kusurwa huɗun, sau biyu. Ko faɗin yatsa babu bambanci.

"Me abin naka ya ce, Malam Shiru?"

Na ce ya ce daidai ne.

"To, ka gaishe shi."

Da tsofaffin azara aka rufa ɗakin, da tsohuwar ƙasar aka yi yaɓe. Ranar da muka gama, Gwaggo Hanne ta shiga ta dafa bango. Sai ta ce Nazifi ya kira mata ɗanta. Ta gaya masa kada ya ɓata kuɗin mota, in zai zo ya zo gaisuwa. Da ta ajiye waya ta tambaya ko akwai sauran tuwo.

Baba bai ga damina ta gaba ba. Mu muka ɗauke shi, mu muka kwaɓa ƙasar da aka rufe kabarinsa, Nazifi na zuba ruwa, yau babu mai ce masa ya isa haka.

Allah ya jiƙanka, Baba. Allah ya yalwata makwancinka, ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi.