Sifirin Akori-Kura a Hanyar Ringim

Ana sallame sallar asuba na fito daga gida a Fagge, a ƙasa, na nufi Sabon Gari in karɓo motata wajen bakanike. Ko koko ban tsaya sha ba. Sau uku ke nan ana aiko wa Inna, mahaifiyata, cewa yayanta yana kwance a wani ƙauye gabas da Ringim, kuma ita yake ta tambaya. Su biyu suka rage cikin waɗanda suka baro Borno da iyayensu. Na yi mata alkawari kafin azahar tana zaune kusa da Kawu suna hira.

Motar doguwa ce mai ƙofa a baya, na saye ta a hannun wani Bature da zai koma gida. A kan kwalta ba ta da laifi. Amma cikinta dab yake da ƙasa, hanyar Ringim kuwa manyan motocin gyaɗa sun haƙa mata rami biyu sun bar tudu a tsakiya. Makon jiya mun gwada, tudun ya fizge mana salansa, wato bututun hayaƙi, tun kafin Gezawa, muka juyo. Shi ya sa na kai ta a ɗaga.

Bakaniken Ibo ne, haihuwar Sabon Gari, Hausar bakinsa ta fi tawa. Ya cire sifirin ɗinta, wato ƙarafunan nan masu lanƙwasa da mota ke zaune a kansu, ya sa mata na wata matacciyar akori-kura. Na tarar da ita ta yi tsayi har da ƙari, baya ya fi gaba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Sai ya nuna mini buhunan garin rogo huɗu a jingine, ya ce, "Malam, wannan sifirin kaya ya sani. In ba nauyi, zai wahalar da tsohuwa. Ɗauki waɗannan ka sauke wa ɗan'uwana a tashar Ringim, kowa ya huta."

Ni kuwa ɗan kasuwa ne, a Kantin Kwari na yi wayo. Na ce a raina, wato na biya aiki, kuma in yi masa dako kyauta. Na yi murmushi na ce ai motar ba ta haya ba ce. Ya ɗaga kafaɗa ya miƙo makulli.

A ƙofar gida aka fara. Inna ta ɗaga ƙafa, ƙafa ba ta kai ba. Sai da ƙanwata, wadda za ta yi mana rakiya, ta mirgino turmi ta kifa, muka riƙe tsohuwa hagu da dama ta taka ta shiga. Matan maƙwabta suna leƙe suna dariya a cikin mayafi. Muka jefa turmin a baya, don dole a sauka da shi.

Har muka wuce tashar jirgi da dalar gyaɗa ba mu ji komai ba. Kwalta na ƙarewa, muka hau gargada, mota ta soma tsalle kamar jakin da aka sa wa ƙaya. Tudun tsakiya kam ko shafarsa ba mu yi ba, amma kowane ɗan dutse sai mun ji shi a haƙora. Kunun da Inna ta dama wa Kawu da hannunta ya kife a zanen ƙanwata. Turmi ya riƙa kai wa ƙofar baya duka. Inna ta buga kai a rufi, ta ce, "Ɗan nan, kashe ni za ka yi kafin in gan shi?" Na rage gudu har masu keke suka riƙa wuce mu suna yi mana sannu.

A Gezawa muka tsaya ta miƙe baya a inuwar kuka. Fura da nono kwabo biyu, mai kyau kuwa, amma ta ƙi sha. Rana ta take muna nan. Muka sake rarrafawa, kowane mil sai an tsaya, ni ina tsine wa sifiri da wanda ya ƙera shi.

Kusa da Zakirai wani tsohon direban babbar mota da ke cin rogo da ƙuli a bakin hanya ya taso ya zagaya tawa. Ya danna bayanta da hannu biyu, ko motsi ba ta yi ba. Ya ce, "Wa ya ba ka wannan bai gaya maka a loda mata kaya ba?" Na ce an gaya mini. Ya dube ni, ya koma wajen rogonsa.

To, jama'a, ku zo ku ga yadda ake roƙon mutane su hau mota kyauta. Manoma ne zaune da buhunan gyaɗa suna jiran abin hawa zuwa sikeli a Ringim. Na ce ku zo in kai ku, ba ko anini. Sai suka soma kallon juna. Wani ya ce ai banza ba ta kai zomo kasuwa. Wani ya ce wataƙila yaron masu sayen gyaɗa ne, zai kai su inda za a karya musu farashi. Ni da na ƙi buhu huɗu da safe don kada a ci bulus a kaina, ga ni ina rantsuwa a tsakiyar rana. Sai da Inna ta leƙo ta taga suka ga furfurarta, sannan mutum biyu suka yarda, da buhu biyar.

Nan take mota ta zauna ta yi laushi. Inna har gyangyaɗi ta yi. Haushi ya ƙara kama ni, don daɗin tafiyar ma zagi ne a gare ni.

A Ringim suka sauke kayansu suka yi godiya, mota ta sake miƙewa, ga sauran hanya ta fi muni. Na sayi tsofaffin buhuna, na gangara bakin kogi da babbar rigata na cika su da yashi da hannuna. Masu wanki suna tambayar ko a Kano yashi ya ƙare.

Bayan la'asar muka isa. Matar Kawu ta ce tun hantsi ya sa aka fito da shi kan tabarma yana kallon hanya, yana cewa yau za ta zo. Da azahar zazzaɓi ya taso, aka mai da shi ɗaki, daga nan bai sake magana ba. Inna ta shiga ta kira shi da sunan da suke kiransa tun suna yara. Ya riƙe hannunta, ya matse. Kwana biyu na yi a garin, iyakar abin da ta samu ke nan. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi.

Da zan taho ta ce ita tana nan sai yadda Allah ya yi da shi. In lokacin dawowa ya yi, a ɗora ta a jaki zuwa Ringim ta shiga jirgi, kada in wahalar da kaina.

Na dawo Fagge ni da ƙanwata da buhunan yashi, lafiya lau, cikin awa uku. Washegari na je Sabon Gari na gaya wa bakanike duk yadda aka yi. Bai ce ai na faɗa maka ba, jikin Kawu kawai ya tambaya.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne, amma ya yi mini tsada. Na saba a kasuwa duk wanda ya ba ni shawara sai na nemi inda ribarsa take. Wannan karon na gano ribar mutumin daidai, na manta cewa mai riba ma yana faɗar gaskiya. Na hana shi dakon buhu huɗu, na hana uwata jin muryar ɗan'uwanta.