Hoton Maman 'Yan Biyu Daga Tsallaken Titi

Mai agogo ya yi kusan duk rayuwarsa da ɗan gilashi maƙale a ido ɗaya, hancinsa na neman taɓa tebur. Shagonsa ɗan tsukuku ne, in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a waje ya miƙo hannu. Tun yana saurayi abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba yake kallo. Wataƙila shi ya sa, da girma ya fara kama shi, mutane kuma suka koma duba lokaci a waya, ya ɗaga kai wata safiya a bakin tafkin bayan gari ya hangi zalɓe tsaye cikin ruwa, ya ji kamar an buɗe masa taga.

Ya sayi kyamara a gwanjo. Ba a jima ba ya gano ashe ba shi kaɗai ne mai wannan ciwon ba. Akwai wani zaure da masu irin sha'awarsa suka buɗe a waya, inda kowa ke turo abin da ya kamo: shaho a kan falwaya, gajimare a bayan dutse, agwagwar ruwa da 'ya'yanta a jere. Nan suka laƙaba masa suna Zalɓe, don dogo ne siriri, kuma in ya tsaya wuri ɗaya sai ƙuda ya ɗauka itace ne.

A zauren nan hotuna rabin magana ne. Sauran rabin gardama ce a kan idon kyamara, wato gilashin da ake ɗaura mata a gaba. Wane ya fi jawo nesa, wane ya fi shan haske, wane ne kuɗinsa kawai ke da nauyi. Shugaban gardamar likitan haƙori ne, wanda asibitinsa ke bene a tsallaken titi, daidai ƙofar gidan mai agogo. Shi idanu kala-kala gare shi a jaka, kowanne da aljihunsa. Ya daɗe yana tsokanar Zalɓe da cewa ɗan guntun idonsa sai dai hoton kaji. Ran nan Zalɓe ya haɗa ɗan guntun da wani tsohon agogon bango da yake ji da shi, ya yi musaya da dogon ido, zungurere mai nauyin jariri. Zaure ya sa masa suna igwa. A tawul yake naɗe ta, kuma ko tari aka yi kusa da ita sai ya harari mutum.

Matarsa, Maman 'yan biyu, ba ta taɓa hana shi ba. Yaran sun girma sun yi nasu gidajen a nesa, gida ya yi faɗi. Ita ke cika masa fulas da shayi in zai fita tafki, ita ke wanke laka a ƙafar wandonsa. Takan ce gara tsuntsaye da zaman majalisa.

Ana nan sai wata kurciya ta sauka a kan igiyar shanya a tsakar gidansu. Zalɓe na can ƙuryar zauren gida, ya ɗaga igwa ya kama ta. Hoton ya fita tas, har ɗigon hasken da ke idonta. Ya tura wa 'yan zauren waya, yabo ya yi ta zubowa kamar ruwan sama. Yana zaune a falo yana karantawa, yana 'yar dariya shi kaɗai, ƙafa na rawa, bai san matarsa na tsaye a bayansa ba.

Likita ya rubuto: "Kai Zalɓe, kurciya ta yi, amma ni bayan hoton ne ya kashe ni. Wannan shuɗin da ya narke a baya, labule ne ko fentin bango?"

"Baban 'yan biyu," in ji ta, "wannan ba zanena ba ne?"

"Wane zane?"

"Shuɗin nan. Ranar da nake shanya."

"Ai… ai kurciyar ake kallo."

"Na gani. Har kwallinta na gani. Ni kuwa likita na tambaya ko labule ce ni."

Ta karɓi wayar ta shiga jan hotunan da yatsa. Zalɓe, zalɓe, balbela, zalɓe. Ƙadangare yana gyaɗa kai. Kwaɗo ta gaba, kwaɗo ta gefe. Ta yi ta dariya har da hawaye. Can dariyar ta tsaya, hawayen dai bai tsaya tare da ita ba. Ta ajiye masa wayarsa ta shige ɗaki.

Washegari da hantsi ta fito cikin kayan fita, da 'yan kunne, da takalman da sai unguwa mai muhimmanci take sa su.

"Ina zuwa haka?"

"Wurin mai hoto na bakin kasuwa. Ya ɗauke ni in aika wa yarana. Kada wata rana jikoki su tambayi kamannin kakarsu a nuna musu kurciya."

Maganar ta soke shi inda ba ya tsammani. A ce matar Zalɓe, mai igwa guda, ta je ta zauna gaban wani can da bai san ko sunanta ba, ya ce mata ɗago haɓa. Ya tare ƙofa da dogayen hannayensa.

"Haba Maman 'yan biyu, ga mai hoto a gida? Zauna, yanzun nan." Ya zaro waya.

"Waya? Kwaɗo ya samu igwa, ni waya? In za ka ɗauka, da abin da ka ɗauki kwaɗo za ka ɗauka. In ba haka ba matsa in wuce."

Ta zauna a kujerar falo, jaka a cinya. Ya warware tawul, ya ɗaga igwa, ya sa ido. Hazo. Ya murɗa hagu, ya murɗa dama, hazo dai. Sai a lokacin ya tuna abin da kowa a zaure ya sani: igwa ba ta ganin abin da ke kusa. Ya ja da baya har ya bugi kabad, kofuna suka yi ƙara. Ya fita tsakar gida da baya da baya, yana leƙo ta ta ƙofa.

"Me ka samu?"

"Hanci."

"Duka?"

"Rabi."

Ta tashi da kanta ta jawo kujerar zuwa bakin ƙofar gida, ta zauna tana fuskantar titi. Shi kuwa ya ci gaba da ja da baya, ido a kyamara, har tsakiyar kwalta. Wani mai babur ya ja birki ƙiii.

"Baba, duniyar ce ta ishe ka?"

"Yi haƙuri ɗana, matata nake nema."

"Ga ta can zaune ai!"

Ya kai tsallake, bayansa ya jingina da bango, amma daga goshi zuwa haɓa kawai ya samu, kuma duk ya saita sai mota ta gifta. Sai ga murya daga sama. Likita ne ya leƙo ta taga, safar hannu a hannu.

"Zalɓe! Wane tsuntsu ne a ƙofar gidanka?"

"Uwar gidan ce, likita, ka iya bakinka."

"Hawo nan, daga sama babu mota!"

Ya haye benen yana haki. A ɗakin akwai wani bawan Allah kwance a kujerar cire haƙori, kumatu cike da auduga, yana bin su da ido. Aka ture teburin almakasai gefe, aka kafa wa igwa ƙafafunta uku a bakin taga. Likita ya kasa haƙuri.

"Ka ga abin da nake faɗa maka? Da ɗan guntuna ne da tuni an gama a falo. In ara maka?"

"Ta ce igwa."

"To ai shi ke nan. Ba a jayayya da wadda za a ɗauka."

Zalɓe ya kira ta a waya, ya buɗe murya ya ajiye a kan taga. Kafin nan titi ya farga. Maƙwabciya ta fito tana gyara mata ɗankwali, mai shagon gefe ya bar ciniki yana tsayar da masu wucewa kamar ɗan sanda. Maman 'yan biyu ta miƙe wuya, ta ƙame, fuska a ɗaure kamar mai hoton fasfo.

"Ɗan saki fuska."

Ta yage baki, haƙora a waje, ido babu dariya.

Likita ya ture shi ya leƙa. "Wannan igwa taka ba dama. Ka ce mata na ƙasan nan na hagu yana son dubawa."

"Ina jin ka, likita!" muryarta ta fito daga wayar. "Labule ma yana da haƙori ashe?"

Likita ya koma gefe yana tari.

Zalɓe ya ce ta juyo, ta juya da yawa. Ya ce ta sunkuyar da kai, ta zama kamar mai neman allura. Ya ɗauka, ya duba, ya goge. Zufa ta jiƙa masa riga. Ya ga ta duba agogon hannunta, ta gyara jaka a cinya, irin gyaran mai shirin tashi.

Sai ya miƙa hannu ya kashe wayar.

Abu ɗaya ya koya a bakin tafki. Tsuntsu ba a ce masa juyo. Tsayawa ake yi har ya manta da mutum. Ya kafa ido ya yi shiru, ya zama itacen nan da ƙuda ke sauka a kai.

Igwa ta kawo masa ita dab da ido. Furfura ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali a gefen kunne, bai san ta yi yawa haka ba. Ɗan tabon haɓarta, na ranar da ɗaya cikin 'yan biyu ya ƙwala mata cokali, yana nan ashe. 'Yan kunnen kuwa ya san su sarai, shi ya gyara maƙalinsu da hantsakin agogo shekarun baya. Ya tuna maƙalin dalla-dalla. Kunnen ne bai tuna ya kalla ba.

"Ka danna mana," likita ya raɗa.

Ya ci gaba da jira, yatsa a kan madanni.

A ƙasa, da ta ji waya ta mutu, ta ɗaga kai ta ga abin da ke faruwa. Daidai lokacin mai auduga ya gaji da kwanciya, ya taso da tsumman wuya da komai, ya kutsa kai ta tagar yana ɗaga mata hannu, yana ba da shawara da iyakar ƙarfinsa: "Awwa wuwu! Wuwu awa!" Ta ga kawuna uku a taga ɗaya, na mijinta a bayan zungureren bututu, na likita da takunkumi a haɓa, da na wani mai kumatu kamar ya haɗiye ƙwallo. Ta yi ƙoƙarin riƙewa. Ina! Dariya ta ƙwace mata, ta kwantar da kai baya, ta bugi gwiwa, jaka ta zame ta faɗi.

Tas-tas-tas-tas, kyamara ta ɗauka.

Ya cire kyamarar daga kan ƙafafunta, ya sauka benen nan kamar ba shi ne mai kukan gwiwa ba. Ya tsallaka titi ko waiwaye babu, mai shago na daka wa motoci tsawa. Ya durƙusa gabanta ya miƙa mata.

Ta ciro tabarau daga jaka ta sa. Maƙwabta suka miƙo wuya, ta ja mayafi ta kare. Ta daɗe tana kallo.

"Bakina a hangame kamar ƙofar gareji."

"In sake?"

"Wa ya ce ka sake?"

Ta ƙara kallo. Ta kai yatsa kusa da fuskar da ke ciki, ba ta taɓa ba.

"Haka nake?"

"Haka kike."

"Tun yaushe?"

Ya sunkuya yana kakkaɓe jakarta da ta faɗi. Ita kuwa ba ta matsa masa ba.

Daga sama likita ya ƙwalo: "Zalɓe! A turo zaure mu gani!"

"Ce masa ya koma kan haƙoran mutane," in ji ta, ba ta ko ɗaga kai ba. "Wannan na cikin gida ne."

Ta sa ƙafa ɗaya ta tuɓe takalmin ɗayar, ta tuɓe na biyun, ta bar su nan bakin ƙofa. Ta rungumi kyamarar da igwarta, ta shige ciki ba takalmi, tana kallo tana tafiya. Zalɓe ya ɗauki kujera a hannu ɗaya, takalma da jaka a ɗayan, ya bi bayanta yana cewa ta riƙe ta ƙasa, ta ƙasa, nan ne nauyin yake.